Lalle a Ƙafar Morni

Lahadi, 6 ga Janairu

Yau ma sun yi tsere a filin bayan injin rake. Ban je ba. Iska ce ta kawo mini muryar mai lasifika har tsakar gida, yana ta kiran masu karnuka, Caudri wane, Malik wane, kamar su ne suka yi gudun. Shekara arba'in da ɗoriya ina kiwon karnukan tseren gidan Caudri Riyasat, ba a taɓa kiran sunana, Lal Din, a bakin lasifikar nan ba, ko da kuskure. Ni ke tashi kafin ladan in dafa musu madarar ɓauna. Ni ke murza musu cinya da mai har yatsuna suka kanannaɗe. Kofuna sun cika kabad a zauren Caudri, a je a duba, ko ɗaya babu sunana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na faɗa wa marigayi Caudri maganar nan, ya yi dariya ya miƙo mini bakin tukunyar taba. Na faɗa wa ɗansa Taukir, shi ko dariyar bai yi ba. Da uban ya kwanta ciwo sai ya kawo Sajjad daga Lahore, yaro da jakar allurai, aka ce Baba Lalu ya je ya huta. Ladan shekaruna ita ce Morni, karyar da jijiyar ƙafarta ta baya ta tsinke a tseren bara waccan. Ita ma don tsohon ya ce a ba ni ne, daga kan gadon jinya. Ba don haka ba da Mushtak direba ya jefa ta bayan a-kori-kurarsa kamar sauran. Kare in ya karye a fili, motar Mushtak ce ke ɗauke shi, magana ta ƙare. Haka muka tarar.

Ban yi makaranta ba, harafin nan a bayan manyan motoci da jikin buhunan taki na tsince shi. Tun da babu mai saurarena, takarda dai ba ta da ƙafar tashi ta bar ni ina magana.

Laraba, 9 ga Janairu

Shagufta, matar ɗana Munawwar, ta gama lalata karyar nan. Tun da mijinta ya tafi aiki Maskat, Morni a kan bargonta take kwana, a hannunta take cin gurasa da man shanu. Karyar da ta taɓa barin karnukan gundumar nan kaf a baya, yau ta zama mage. Na ce kare kare ne, wurinsa waje. Ta ce, "To Abbaji, ga ta nan, ka gaya mata da kanka."

Juma'a, 11 ga Janairu

Raina a ɓace yake. An yi wa 'yar maƙwabcinmu mai gyaran keke lallen aure, mata suka cika gidansu da waƙa tun hantsi. Da la'asar Shagufta ta dawo da ragowar lallen a kwano, ta zauna ta ƙunsa wa Morni ƙafafu huɗu, wai ita ma 'yar biki ce. Ina dawowa daga masallaci na tarar da su, ƙafa ta riga ta kama, ja jawur.

Na tambaye ta ko ta san abin da ta yi. Ita 'yar birni ce, a gidansu ko akuya babu. A nan kowa ya sani, ba a sa wa karen tsere lalle don ado. Ana sa shi ne don tafin ƙafa ya yi tauri, in an kusa fitar da kare fili. Duk wanda ya ga jar ƙafa ya san akwai shiri. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, wai wa zai tsaya duba ƙafar tsohuwar karya. Na goge da toka, na goge da lemun tsami. Ko gezau.

Asabar, 12 ga Janairu

Na ce a kulle Morni. Ba a kulle ba. Da 'yan ɗaukar amarya suka iso ta bi Shagufta har bakin layi. Taukir ya zo yi wa uban amarya murna, yana saukowa daga mota idonsa ya sauka a kan ƙafafunta. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dube ni, ya gaishe ni da ladabin da bai taɓa yi mini ba.

Talata, 15 ga Janairu

A-kori-kurar Mushtak a bakin layinmu tun safe. Wai shayi ya zo sha. Teburan mai shayi nawa ya wuce kafin ya iso namu? Morni ta ji ƙarar injin ta shige ƙarƙashin gado, da ƙyar Shagufta ta lallaso ta.

Alhamis, 17 ga Janairu

An aiko kirana zaure. Taukir na kishingiɗe a gadon igiya, mutane cike, bai ce in zauna ba. Ya ce ya ji Malik Zafar na hayin magudanar ruwa yana neman tsohon hannu da zai shirya masa kare, shi kuma ya ga lalle da idonsa. Karyar gidansu ce zan kai wa abokin gabarsu? Na rantse masa aikin mata ne, ragowar lallen amarya. Zaure ya kwashe da dariya. Wani ya ce saura a sa mata awarwaro a nemo mata miji.

Da dariya ta lafa Taukir ya ce, "Shi ke nan, Baba Lalu. Ka faɗa a gaban mutane cewa karyar ta gama yawo, hannunka bai iya gyara ta ba. Sai in bar maganar, ka koma gida da abarka."

Magana ce ƙarama. Har na buɗe baki. Sai Sajjad, yana zaune yana danna waya, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce a daina wahalar da tsoho, kowa ya san hannun Baba yanzu sai jan carbi. Wai da shi aka ba karyar tun farko da tuni ta koma fili.

Na ce masa Morni da ƙafa uku ta fi duk karen da ya taɓa soka wa allura.

Sajjad ya ajiye wayar. Taukir ya tashi zaune. Ya ce ranar sha bakwai ga watan gobe za a yi tseren tunawa da mahaifinsa, a haɗa ta da Badal, baƙin karen Sajjad, su biyu kawai, kafin zagayen ƙarshe. Sannan ya ce, "Kuma da sunanka za a kira ta. Morni ta Lal Din. Ba kukan da kake yi ke nan ba tun ina yaro?"

Na ce na yarda, Caudri. Da zan fita Mushtak na jingine a ƙofa yana kaɗa makulli a yatsa. Ya matsa mini hanya.

Juma'a, 18 ga Janairu

Shagufta na murza kullu na gaya mata. Hannunta ya tsaya a cikin kwano. Ta ce ba ni ne na ce mata ƙafar nan ba za ta sake ɗaukar gudu ba? Na ce wancan bara ne. Ta ce in koma in ce na fasa. In koma? A gaban Sajjad? Na ce da ba ta ɗauko kwanon lalle ba da duk ba a zo nan ba. Ta ci gaba da murza kullunta. Gurasar yau ta ƙone ta gefe ɗaya.

Talata, 22 ga Janairu

Mun fara. Tafiya a gefen magudana da sassafe, hazo har ba ka ganin tafin hannunka. Na hana ta gurasar Shagufta. Madara, ɗanyen ƙwai, romon kan akuya. Tausa safe da yamma. Hannuna bai manta komai ba, a gaya wa mai jakar allurai.

Lahadi, 27 ga Janairu

Na ciro tsohuwar fatar zomo daga akwati, irin wadda ake ɗaura wa igiya tayar babur na ja a fili. Tana ganinta jikinta ya ɗauki rawa, kunnuwa suka miƙe, ta yi wannan kukan siriri da na daɗe ban ji ba. Na kira Shagufta na ce zo ki gani, ni nake tilasta mata? Gudu a jininta yake. Ta ce yaro ma in ya ga wuta hannu yake miƙawa.

Bakinta ya yi tsawo tun da mijinta ba ya nan.

Laraba, 30 ga Janairu

Na sake ta a gonar da aka sare rake. Wallahi kamar an harba kibiya. Mai ban-ruwa ya ajiye shebur yana kallo. A dawowa ta ɗan ɗaga ƙafar sau ɗaya. Ƙaya ce.

Asabar, 2 ga Fabrairu

Babu ƙaya. Na duba.

Talata, 5 ga Fabrairu

Munawwar ya kira a wayar matarsa, ta miƙo mini ta koma gefe ta tsaya. Wai Abbaji ka bar wannan abu, sunan lasifika ci ake yi? Na ce shi da ke can yana wanke motocin Larabawa shi zai koya mini abin da suna yake nufi. Ya ce karyar nan ita kaɗai ce abokiyar hirar Shagufta a gidan. To ni fa, gunki ne? Na kashe wayar. Wato na danna wani abu dai, ta yi shiru.

Juma'a, 8 ga Fabrairu

Da safe in na ɗora tafin hannu a ƙafar, ta fi 'yar'uwarta ɗumi. Ba sosai ba. Na ɗaure da kurkum da gishiri. Wanda bai san kare ba ba zai ji komai ba.

Tsohon lallen ya fara koɗewa, na sa mata sabo, irin na gaske, mai kauri har tsakanin yatsu. Shagufta ta ga ina kwaɓawa ta ɗauke kwanonta, ta ce in nemi wani.

Talata, 12 ga Fabrairu

Sajjad ya tare ni a gaban mai shayi. Yau babu tsiya a bakinsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce ya ga takunta daga nesa, yana da allurar da in an yi kare ba ya jin ƙafarsa har yamma, kyauta zai yi mini. Na ce ciwo shi ke gaya wa kare ya rage gudu, in ka kashe ciwon wa zai gaya masa? Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce to in janye mana. Na ce uwarsa ta janye.

An manna takardun tsere a bangon injin rake. Na tsaya na bi su harafi harafi. Ga sunana nan a ƙasa, da ƙananan haruffa, amma ga shi. Na wuce, na sake dawowa ta wurin kamar na manta wani abu.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Ba ta cinye madararta ba. Mushtak ya wanke motarsa a magudana, har bayan ya shimfiɗa sabon buhu. Kullum haka yake yi in tsere ya matso, ban san me ya sa yau na lura ba.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Shagufta ta zo ta durƙusa a gabana, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo ta gidan nan. Ta ce ƙanenta na da babur, kafin azahar zai kai Morni gidansu a birni, a ce ta ɓata. Ta ce, "Abbaji, ni zan ɗauki laifin. Ka ce ni na bar ƙofa a buɗe."

Na kusa yarda. Allah ya sani na kusa yarda. Sai na tuna takardar bango, da mutanen da suka yi ta tsayar da ni a hanya suna cewa gobe sai gobe, Baba Lalu. Na ce mata gudu ɗaya ne, 'yata, kafin ki ƙifta ido an gama, daga nan ko a kan matashinki za ta kwana ba ruwana.

Ta tashi ta ɗauki tsintsiya.

Litinin, 18 ga Fabrairu

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba.

Da safen tseren Morni ta tashi ba ta taka ƙafar. Na yi tausa, na gasa da ruwan zafi, ta taka kaɗan. A bayan rumfa Sajjad ya zo ya tsaya a gefenta, ya buɗe jakar allurarsa. Ban hana shi ba. Na juya ina gyara rawanina. Da na waiwayo tana tsaye a kan ƙafa huɗu garau.

Niyyata in je can ƙarshen fili, inda fata ke tsayawa karnuka su faɗa mata, don nan ne mai kare yake kama abinsa. Taukir ya ce ina, yau Baba Lalu a rumfar manya zai zauna. Aka ba ni kujera mai hannu. Aka kawo mini lemu a faranti. Mai saki ya karɓi igiyarta, aka ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, Badal fari. Ta waiwayo ta dube ni sau ɗaya, sai babur ya tashi, fata ta zabura, ta manta da ni.

Ta ci shi. Da tsawon wuya ta ci shi, a gaban idon kowa. Aka ɗaga jar tuta, kalar ƙyallenta. Na ji sunana, sau uku mai lasifika ya faɗa, har da sunan ubana, ban san wa ya gaya masa ba. Amma idona na can ƙarshen fili. Na ga Badal ya isa fata. Ita kuma na ga ta yi wani irin juyi a cikin ƙura, ta tashi, ta sake faɗuwa.

Na miƙe zan tafi. Makaɗa suka rufe ni. Samari suka ɗaga ni a kafaɗa, ƙafata ba ta taɓa ƙasa, wani na rataya mini furanni, wani na yi mini liƙi a rawani. Ina cewa ku sauke ni, suna tsammanin kunya ce. Taukir ya danƙa mini kofi, mai hoto ya ce in yi murmushi. Daga saman kafaɗun na hango bayan a-kori-kura tana fita ta hanyar gonar lemu.

Da na isa babu komai sai sawun taya da jan ƙyallen a ƙasa.

Shagufta na bakin ƙofa da na dawo. Ta dubi kofin, ta dubi bayana. Ta juya ta shige ciki.

Talata, 19 ga Fabrairu

Na je zaure. An ce Taukir ya tafi Lahore. Sajjad ya ce asibiti aka kai ta a Sargodha. Na ce wane? Ya ce Mushtak ya sani. Mushtak na kwance ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu, ya ce shi ɗan aike ne, in tambayi Caudri. Na ce fito ka dube ni. Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Baba, kai fa ka sha ɗora mini su da hannunka. Yau ne ka san tambaya?"

Marar kunya. Ubansa ma haka yake.

Alhamis, 21 ga Fabrairu

Na hau bas zuwa Sargodha. Duk inda aka ce mini ana duba dabbobi na shiga. Shanu, ɓauna, wani da aku a keji. Wani yaro mai farar riga ya tambaye ni lambarta. Na ce ba ta da lamba, launin alkama ce, farin gashi ya fara fito mata a baki, tana tsoron ƙarar mota. Ya ce ba a kawo ba.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Na bi magudana har gada. Na duba ramukan masu bulo. Inda na ga hankaki sun taru na je. Mushen ɗan maraƙi ne.

A hanya mutane sai gaishe ni suke, Lal Din mai Morni. Mai shayi ya ƙi karɓar kuɗina. Na bar masa shayin.

Laraba, 27 ga Fabrairu

Taukir ya dawo, na ga motarsa. An ce yana hutawa. Na ajiye musu kofinsu a bakin ƙofar zaure, na zauna a kan dakali har la'asar. Wani ya fito ya shigar da kofin, ni aka bar ni. Gobe ma zan koma, da tabarmata.

Shagufta ta ce mini ƙanenta zai zo ya tafi da ita gida ta kwana biyu. Ban hana ba. Ta naɗe bargon da Morni ke kwana a kai za ta wanke, na ce ta bar shi, nawa ya yi nauyi da wannan yanayin, ta miƙo mini shi. Gashi ne duk a jiki. Ta tsaya tana kallona, na ce mene ne, bargo ne. Ƙofar gida kuma ni na ce a daina sa mata sakata, ƙarfen ya yi tsatsa, yana cin hannu.

Tun jiya sunayen karnukan da na yi kiwo ke zuwar mini, ban kira su ba. Toofan. Kajal. Ɗan jan nan mai yankakken kunne da yake lasar mini wuya in ina tausa. Duk a motar nan suka bi hanyar gonar lemu. Hanyar nan ba ta zuwa Sargodha, kowa ya sani, ni ma na sani.

Ba rigima nake nema ba. Ban ce a biya ni ba. In tana da rai a gaya mini ƙofar da zan buga, ƙafa uku ma ta isa yawo a tsakar gida. In babu, a nuna mini wurin, ina da shebur, ba sai an taya ni ba. Taukir ya sani. Mushtak ya sani. Mai lasifikar da ya iya sunan ubana, ya hau ya tambaya mini mana, ai muryarsa na kaiwa har hayin magudana. Ina kuka kai mana yarinyar nan? Ɗayanku ya fito ya dube ni ya ba ni amsa.